Takardar Shaidar da Akuya Ta Tofar

Wani irin mafarki na yi jiya da dare, kuma tun da na farka ban iya haɗa ido da akuyar maƙwabcina ba. Amma bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don kada ku ɗauka ƙaramin mutum ne dabba ta ci wa mutunci.

Sunana Malam Isiyaku Barmo. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da ilimin ƙasar noma a Kwalejin Noma ta Tungar Gawo, kuma ni ne jami'in ba ɗalibai shawara. Duk wanda ya gama shekara biyu a wurinmu, ya ji yana son komawa Jami'ar Dutsen Kanya, wadda cikin mutum ɗari take ɗaukar huɗu, to ta ofishina zai bi. A jikin ƙofata na manna takarda mai taken "Shawarwari Bakwai Ga Mai Neman Canjin Makaranta". Rana ta cinye ukun ƙasa, ni ma na manta su. Huɗun sama dai suna nan: fara shiri da wuri, bincika ko za su karɓi darussan da ka yi, faɗi dalilinka ba tare da zagin inda ka baro ba, sannan ka nemi takardar shaida daga malamin da ya san ka da gaske.

Ta huɗun nan da murya mai nauyi nake faɗarta, ina ɗaga yatsa. Abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne, takardar shaida guda ɗaya tak gare ni. Shekarar da na kama aiki na rubuta ta, tana nan kwance a kwamfuta, suna kawai nake canzawa. Kowa a wurina "mai ladabi ne, mai hazaƙa, mai riƙon amana, abin alfaharin makaranta". Har yaron da aka kama yana soya kajin gwaji na kwaleji, shi ma mai riƙon amana ne a takardata.

To, mako uku ke nan wata ɗaliba, Hansatu Ɗan'azumi, tana sintiri a ƙofata. Duk takardunta sun cika, tawa kaɗai ta rage. Jami'ar kuwa yau Juma'a da ƙarfe sha biyun rana take rufe karɓa, kuma ba ta sauraron wanda ya wuce shekara ta biyu. Wato in ta kuɓuce mata bana, ta kuɓuce ke nan. Kullum ta zo sai in ce, "Haba Hansatu, aikin minti biyar ne fa. Ki dawo gobe." Jiya ma haka na ce mata. Na ci tuwona na kwanta, da niyyar in gari ya waye in canza suna in buga.

Sai ga ni a gidan waya, kwance a kan tebur, raguna biyu suna naɗe ni gida uku.

Na ce, "Kai, ku yi a hankali, ina da ciwon baya."

Ɗayansu ya ce, "A garin nan ba a aika takardar shaida. Malamin ake aikawa."

Na ga maganar tasa da hankali, sai na gyara kwanciya. Suka buga mini hatimi a goshi, suka zura ni cikin ambulan, ɗayan ya lashi bakin ambulan ɗin ya manne. Allah ya sa sun bar mini wata 'yar kafa a kusurwa, ta nan nake leƙen duniya da ido ɗaya. Hansatu ta ɗauke ni ta sa a hammata, tsakanin sakamakon jarrabawarta da takardar haihuwa.

"Malam, ba ka takura ba ko?"

"Ko kaɗan," na ce, gwiwata tana cikin kunnena.

A waje ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Mutane sun kifa laimominsu sun shiga ciki suna tafiya da tsalle. Gizagizai suna ta cika suna kumbura, ƙasa tana bushewa. Ni da nake malamin ƙasa na ga ya kamata in ce wani abu, sai na ce daga cikin ambulan, "Wannan shi muke kira yanayi." Hansatu ta dakata. Ta tsuguna ta ɗebi ƙasar ta murza a yatsunta, ta shinshina, ta ƙulle kaɗan a bakin mayafinta, muka ci gaba.

Jami'ar tana can bisa wani dutse. In ka matso taku uku, sai ta leƙo ta dubi takalminka, ta ja da baya taku biyu. A haka muka isa.

Layi muka tarar, dogo, yana tafiya da baya. Gabanmu wani dattijo ne mai furfura har gira, riƙe da fayil ɗin da gara ta ci rabinsa. Ya ga hatimin kwalejinmu a jikin ambulan, sai ya rusuna ya sa ido a kafar.

"Malam Isiyaku ne? Allah ya saka da alheri. Shawararka na bi, na fara da wuri. Ranar sunana na cike fom."

"Madalla. To me ya tsayar da kai?"

"Takardarka nake jira. Ka ce in dawo gobe."

Na rufe idona ɗaya na yi kamar wasiƙa ce ni ta gaske.

Ofishin farko na awon darussa ne. Wata tunkiya ce a ciki, da tabarau a kan hanci, ga mudu ga faifai a gabanta. Hansatu ta sauke buhu ta zazzage darussanta na shekara biyu a tabarma kamar gero. Tunkiyar tana auna, tana rubutawa da kofato. Lissafi ya cika mudu. Ilimin tsirrai ya cika har da tozo. Da aka zo kan darasina, tsibinsa ya fi na kowa girma, har na ji ambulan ta yi mini kaɗan don alfahari.

Tunkiyar ta ce, "Wannan sai an sheƙe."

Ta ɗaga faifai sama. Iska ta zo ta kwashi abin, yana tashi yana magana da muryata. Ga labarin babur ɗina da ya ƙi tashi a hanyar Tungar Gawo. Ga labarin yadda na kusa zuwa ƙasar waje karatu. Ga shi nan ya sake wucewa, don sau biyu nake ba da shi kowane zango. Ga faɗan da nake yi wa 'yan zamani a kan waya. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage bai kai rabin mudu ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai labaran ma ilimi ne."

"Na babur ɗin ya yi daɗi," in ji ta. "Amma ba ma karɓarsa."

Sai Hansatu ta kwance wani ƙulli daga jakarta ta juye a mudun, ya cika taf. Tunkiyar ta tambayi inda ta samo. Ta ce a ɗakin karatu, ranakun da Malam ya tafi taro. Aka buga mata hatimi. Ni dai ban san ina zuwa taro da yawa haka ba.

Ofishi na biyu wani bunsuru ne sanye da kwat, warinsa ya riga shi gaisuwa. Tambayarsa ɗaya ce ga kowa: me ya sa kake son barin inda kake? A bakin tagarsa kuwa makarantun da ake son bari ne zazzaune a benci, sun kasa kunne. Na hango kwalejinmu a cikinsu, ta rakuɓe a gefe da kwanonta mai yoyo, tana riƙe da tankin ruwanta a cinya. Wani saurayi da ya riga mu shiga ya ce makarantarsu kango ce, malamanta jahilai. Nan take makarantar ta miƙo baranda ta taga ta ja shi da kunne suka tafi gida.

Aka zo kan Hansatu. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu fadama ta fara fitar da wani farin gishiri. Inda babana yake samun albasa buhu talatin, yanzu da ƙyar yake samun takwas. Tungar Gawo ta koya mini yadda zan gane ƙasa ba ta da lafiya. Na'urar da za ta gaya mini abin da ke damunta kuwa a nan take."

Kwalejinmu ta share hawaye da labulen ofishin shugaba. Ni kuma cikin ambulan sai na ji maganar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Ashe ta taɓa gaya mini wannan a ofis, tana tsaye, ni ina ɓare gyaɗa ina danna waya, ina cewa, "Uhm, uhm, Allah ya kyauta."

Sai ga mu a ofishi na ƙarshe. Ba mu hau bene ba, benen ne ya sauko.

Shugabar tantancewa akuya ce baƙa, tsohuwa, ƙahonta ɗaya a karye. A bayanta akwai ƙofar shiga jami'ar, tana rufuwa a hankali da kanta. A bango agogo ne mai hannu ɗaya, yana rarrafe zuwa sha biyu. Aka farke ambulan, aka zazzage ni a tebur, wani ɗan akuya ya goge ni da dutsen guga har na miƙe.

Akuyar ta ce, "Karanta kanka."

Wannan ai abu ne mai sauƙi, ko cikin barci zan iya, kuma cikin barcin nake. Na gyara murya. Ina magana kalmomin suna fitowa daga bakina a doguwar takarda, ita kuma tana kama bakin takardar tana taunawa. Haka suke karatu a can. "Ina mai farin cikin gabatar da wannan ɗaliba mai ladabi, mai hazaƙa, mai riƙon amana..."

Ta tsaya da tauna. Ta juya abin a bakinta sau biyu. Sai ta tofar, tuf, a kan takalmina.

"Na ci wannan bara."

"Ranki ya daɗe, wataƙila mai kama da ita ce."

"Na ci ta bara waccan. Sau arba'in da uku ina cin takardar nan. Ko gishiri ba ka ƙarawa." Ta juya ga ɗan akuyar. "Buɗe masa kabad."

Aka buɗe wani kabad na ƙarfe, sai ga mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, arba'in da uku. Tsayinsu ɗaya, fuskarsu ɗaya, sumul kamar ƙwai, ba gira ba tabo. Suka jeru suka rusuna a tare, suka ce, "Ina wuni, Malam. Mu ne masu ladabi."

Akuyar ta ce, "Ɗalibanka ne. Mun rasa yadda za mu bambanta su, sai muka ajiye su."

Shekara da shekaru in ɗalibaina suka dawo ba a ɗauke su ba, ni ne mai dafa kafaɗarsu ina cewa, "Ku yi haƙuri, wurin nan sai mai hanya." Har tsaki nake ja don taya su baƙin ciki. Na duba fuskokin nan ina neman ko mutum ɗaya da zan kira da sunansa, ban samu ba.

Na waiwaya wajen Hansatu, sai na ga girarta ta hagu ta fara gogewa.

"Tsaya, tsaya!" na ce. "Ranki ya daɗe, wannan daban ce. Haziƙa ce ta gaban kwatance!"

Ƙofar ta matsa, ƙiii. Girar dama ta tafi.

"Tauraruwa ce! Abin koyi! Ba a taɓa yin irinta ba!"

Ƙiii, ƙiii, ƙiii. Hancinta ya fara lafewa. Abin da ya rage na ƙofar bai fi mutum ya bi ta gefe ba.

Akuyar ta ce, "Malam, manyan kalmominka ne ke tura ƙofar. Abu ɗaya nake so, wanda ka gani da idonka."

Na yi tunani. "Tana zama a layin gaba."

"Kujera ma a layin gaba take zama."

"Ba ta makara."

"Ƙararrawa ma ba ta makara. In ba ka san ta ba, ka faɗa, akwai wuri a kabad."

To, a nan ne gumi ya karyo mini, yana fita daga tafin ƙafa yana hawa sama. Domin na san abu ɗaya. Na san shi sarai. Shi ne abin da na haƙa rami na binne, na zauna a kai.

Bara ne, a aji. Ina rubuta musu a allo yawan takin zamanin da ake zuba wa eka ɗaya ta masara, daga tsohon littafin laccata da nake karanta wa ɗalibai shekara tara. Na rubuta buhu ashirin. Shekara tara ana kwafa, ana dawo mini da shi a jarrabawa, ina ba da maki. Sai yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, afuwan, in aka zuba wannan, masarar ƙonewa za ta yi. Ko biyu ne?" Aji duka ya zuba mini ido. Na dubi allo, na ga gaskiyarta tsirara. Sai na yi dariya na ce, "Yawwa! Gwada ku nake yi, in ga masu barci." Wasu 'yan baya suka ce ai malam ba ya kuskure, ita ce mai rawar kai. Ban hana su ba.

Bayan kwanaki na tarar da gwangwani biyu a bakin tagar ofishina, kowanne da shukar masara. Ɗaya an zuba masa taki a lissafina, ya ƙone ƙurmus. Ɗaya a lissafinta, kore shar. Ba suna, ba takarda, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Na jefar da ƙonannen a bayan ofis, na gyara littafina a ɓoye. Tun ranar in na gan ta sai in ji kamar allon nan ne yake tahowa. Abin da ya sa nake ce mata ta dawo gobe ke nan, ba wai aiki ya yi mini yawa ba.

Na matsa kusa da akuyar na rage murya. "Ranki ya daɗe, akwai wani abu, amma ko za mu ɗan keɓe?"

"Takardar shaida ce kai. Karanta ka ake yi."

Na duba taga, ga kwalejinmu ta manna kunne. Ga tunkiya da bunsuru sun shigo. Ga mutum arba'in da uku sun zuba mini fuska. Har babur ɗina na hango a bakin ƙofa ya jingina yana jira. Shekara goma sha ɗaya ina gina sunan Malam Isiyaku wanda ba ya kuskure, yanzu a ce in rushe shi da bakina a gaban awaki?

"Malam," in ji Hansatu. Bakinta ne kaɗai ya rage a fuskar, shi ma ya fara shafewa. "Ba komai. In dawo gobe?"

Wannan kalma ta soke ni har ƙashi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ƙofar saura faɗin tafin hannu, hannun agogo ya taɓa gindin sha biyu.

Na ce, "Wata rana a aji, na yi kuskure."

Abin da ya fito daga bakina wannan karon ganyen masara ne, ɗanye. Akuyar ta miƙo wuya ta kama, ta tauna, ta lumshe ido. Ƙofar ta tsaya cak.

"Ci gaba," in ji ta. "Wannan da ɗanɗano."

Na buɗe baki zan ci gaba, sai akuyar ta fara ƙara, gurrr, gurrr, tebur yana rawa, kabad yana rawa, gurrrrr.

Injin markaɗen gidan Inna Kande ne, maƙwabciyarmu, ta tayar da shi don masu ƙosai. Na buɗe ido, ga silin ɗakina, ga gwiwata a inda Allah ya ajiye ta. Na shafa goshi ban ji hatimi ba. Bakwai saura kwata.

Ko karyawa ban yi ba na tafi ofis. Na buɗe tsohuwar takardar, na dube ta, na goge ta tun daga "Ina mai farin ciki" har zuwa "abin alfaharin makaranta". Aikin minti biyar ya cinye mini awa uku. Layin farko kaɗai sau shida ina rubutawa ina sharewa, don kowane karo sai in tarar na yi wa kaina kwaskwarima.

Ƙarfe goma aka ƙwanƙwasa. Hansatu ce, da girarta biyu cif. Ta gaishe ni, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai shirin juyawa.

Na ce, "Shigo ki zauna. Karanta wannan kafin in aika."

Na juya mata kwamfutar. Layin farko ya ce: "Wannan ɗaliba ta taɓa gyara mini kuskuren da na shekara tara ina koyarwa, na musa a gaban aji, ita kuma ta tabbatar da gaskiyarta da gwangwani biyu na masara cikin kwana goma, ba tare da ta kunyata ni ba."

Ta karanta har ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, tana murza bakin mayafinta. Da ta ɗago idonta ya yi ja.

"Na gode, Malam." Ta sake duban layin farko. "Afuwan, Malam. Kwana goma sha huɗu ne."

Bakina ya buɗe da kansa, har "gwada ki" ta iso kan harshena. Na haɗiye ta. Na jawo kwamfutar na gyara, na aika da ƙarfe sha ɗaya saura minti biyar.